Takalmi a Ka, Leɓe a Bakin Aljihu

Tambaya: Anti, ina yawan ganin hotunan wasu tufafi a Instagram, riga mai kunne ko ido na zinariya a ƙirji, takalmi mai fasasshen ƙwai a dunduniya, ana cewa salon suriyalizim ne. Abin yana burge ni ƙwarai. Ni ma'aikaciyar ofis ce, kayana ba su wuce abaya da dogayen riguna da atamfa ba. Ko akwai yadda zan shigo da shi cikin shigata ta yau da kullum ba tare da an ɗauka na zautu ba?

Ƙanwata, akwai hanya, sai dai ba ta ƙofar da kika leƙa ake shiga ba. Hotunan nan da ke yawo a waya kayan fage ne. Ana sa su na 'yan mintoci a gaban masu kyamara, a cire a mayar cikin kwali. Ƙaton kan zakin da Kylie Jenner ta saƙala a kafaɗa a Faris cikin Janairun 2023, wanda aka yi da soso da gashin ƙarya, ya cika aikinsa tunda duniya ta kwana tana maganarsa. Ke kuwa adaidaita za ki shiga da safe, ki zauna a tebur awa takwas, ki yi alwala sau biyu kafin a tashi. Lissafinku ba ɗaya ba ne. Na fi shekara ashirin ina yanka ina ɗinki, ina kuma koya wa yara zanen tufafi, wannan salon kuwa yana cikin abubuwan da na fi so a sana'ata, don haka ki gyara zama, amsar za ta yi tsawo.

Mu fara da ma'anar kalmar, domin a nan yawancin masu gwadawa ke ɓata hanya, su ɗauka duk abin da ya fita daga tsari ya shiga. Kalmar ta Faransanci ce, tana nufin abin da ya haura zahiri. Wani marubuci, Guillaume Apollinaire, shi ya ƙirƙiro ta a 1917, André Breton kuma ya fitar da takardar manufar tafiyar a Faris a 1924. Samari ne da suka ga Yaƙin Duniya na Ɗaya da idonsu, shi Breton ma a asibitin sojoji ya yi aiki, suka ce in hankali da tsari ne suka kai Turai wannan mahallaka, gara a saurari mafarki. Suka duƙufa kan abin da likitan ƙwaƙwalwa Sigmund Freud ya rubuta game da mafarki. To ki tuna mafarkinki na baya-bayan nan. Da wuya ki ga dodo mai kai bakwai. Tsakar gidanku kike gani, ga randa ga turmi, kowanne a wurinsa, sai dai ƙofar kicin ta buɗe cikin ajinku na firamare, kuma ba ki yi mamaki ba sai da kika farka. Kayan duk sanannu ne, mazauninsu ne ya sauya. Mutanen Breton suna da wata jimla ta wani marubucin ƙarni na 19, Lautréamont, da suka riƙe kamar take: ya kwatanta kyau da haɗuwar bazata tsakanin keken ɗinki da laima a kan teburin fiɗa. Duk lokacin da na tuna sai na yi murmushi, keken namu na cikin maganar tun daga tushe.

A 1936 wata matashiya, Meret Oppenheim, ta sayi kofin shayi da faranti da cokali a kanti, ta lulluɓe su da fatar barewa mai gashi. Ba ta ƙara komai ba. Kofin yana ajiye a gidan adana zane-zanen zamani na New York, kuma duk wanda ya kalle shi sai ya ji gashi a harshensa. Daga kayan ado ma abin ya taso: awarwaro ne mai gashi a hannunta, shahararren mai zane Picasso ya gani a wurin shan shayi ya ce ai komai ana iya rufe shi da gashi, ta ce har da wannan kofin.

Amma uwar ɗakinmu a wannan fanni ita ce Elsa Schiaparelli, ana furta sunan Sikiyafarelli, haifaffiyar Roma a 1890, wadda ba ta taɓa zama a gaban malamin ɗinki ba. Abin da ya fito da ita a 1927 suwaita ce baƙa. A wuyanta an ɗaure farin ƙyalle, ɗaurin fiffiken malam-buɗe-littafi, jela biyu na reto a ƙirji. Sai kin matso ki ga babu ƙyalle, babu ɗauri, a cikin saƙar aka fitar da shi. Wasu mata 'yan gudun hijirar Armeniya mazauna Faris suka saƙa mata da hannu, da irin saƙarsu mai zare biyu, inda farin ke ɗan leƙowa ta cikin baƙin. Ta sa ta je wata liyafar cin abincin rana, mata suka yi ca a kanta, kuma kamar yadda ta bayar da labari da kanta, nan da nan aka yi mata odar guda arba'in daga Amurka. Ki riƙe wannan: abin da ya kafa gidan ɗinkin Schiaparelli, wanda ya yi kan zakin nan na Kylie Jenner, suwaita ce da za a iya zuwa cefane da ita.

Daga baya ta haɗa kai da mai zanen nan na Sifaniya, Salvador Dalí. A 1936 suka yi kwat ɗin mata mai aljihuna kamar durowar tebur, har da mariƙi, wasu na gaske wasu na ƙarya. A 1937 suka yi farar rigar siliki mai hoton ƙaton jatan-landen teku da ake kira lobsta a gaban siket, da ganyen faski warwatse, wadda Wallis Simpson ta sa aka ɗauke ta hoto gab da aurenta da tsohon sarkin Ingila, Edward na Takwas. Ana ba da labarin cewa Dalí ya so a shafa wa rigar mayonis na gaske, Elsa ta ce atafau. Labarin nan ya fi min rigar daɗi, domin ya nuna inda mai zane ke tsayawa tela ta karɓa: dole mutum ya iya zama da rigar a kujera. A shekarar ne kuma suka yi hular da aka ƙera kamar takalmi mai tsini an kife shi a ka, dunduniya na kallon sama. A 1938 sai baƙar rigar da aka cusa wa auduga ta ciki har haƙarƙari da ƙashin baya suka taso, da wata kuma mai zanen yagewa kamar dabba ta karta. Wannan ta biyun da mayafinta aka yi ta, kuma a nan wayon yake. A jikin rigar yagewar bugun fenti ce, a jikin mayafin kuwa ƙyallaye ne na gaske da aka yanka suna lilo, cikinsu ruwan hoda. Ido ya ga na gaske a sama, sai ya yarda da na ƙarya a ƙasa. Duka biyun suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

Ga wani aiki da nake ba ɗalibaina, ke ma ki yi shi yau da dare. Ki nemo hoton matar da ke sanye da hular takalmin nan, ki sa babban yatsa ki rufe hular. Me ya rage? Baƙin kwat mai tsabtar yanka, kafaɗa a tsaye, ƙugu ya zauna, irin wanda za a je banki da shi a nemi bashi. Ki yi haka da rigar lobsta, za ki ga farar riga mai sauƙin ɗinki da ɗamara. Haka kusan duk kayan Elsa suke. Kashi tara cikin goma na rigar mai hankali ne, mai ladabi, ɗinkinsa ba inda za a kushe, sai kashi ɗaya ya yi tawaye. Shi kuma wannan ɗayan ba ya da ƙarfi sai da taran. In rigar ta karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, zare na reto, sannan kika ɗora mata cokali a ƙirji, ba wanda zai ga mafarki, tela marar ƙwarewa za a gani. Dole ido ya fara amincewa da ke kafin ki yaudare shi. René Magritte na Beljiyam, wanda ya zana lofen taba a 1929 ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa wannan ba lofe ba ne, shigar akawu yake yi, kwat da baƙar hula, haka ma mutanen da yake zanawa. Sai ya ɗora wa ɗayansu koren tuffa a fuska, ya bar sauran yadda yake.

Akwai gatan da Hausa ta yi mana a nan. Kwat mai durowa da Faris ta yi mamakinsa, mu tun tuni muke cewa aljihun tebur. Muna cewa wuyan riga, hannun riga, ƙafar wando, bakin aljihu. Suriyalizim a tufafi sau da yawa ɗaukar magana ce a yadda ta fito daga baki: kwat ɗin da aka haɗa da hular takalmin nan, leɓɓa ja aka ɗinka a bakin aljihunsa. In kina neman dabara, ki saurari kanki kina yi wa tela bayani. Abin da ake kulle akwati da shi kwaɗo muke ce masa, to me zai hana jaka ta rufu da ɗan kwaɗon tagulla mai ƙafa huɗu? Bature zai gani ya ce ado ne, Bahaushiya za ta gani ta fashe da dariya. Irin wannan ya fi duk abin da za ki kwafo daga waya, domin naki ne.

Wurin farawa mafi arha shi ne maɓalli. Elsa ta tsani maɓallin da bai ce komai ba. Nata akwai masu siffar ƙwari, da kwaɗon kulle, da karas, kuma a wani jaket na 1938 'yan wasan tsalle-tsalle ne ke alkafura daga wuya zuwa ƙugu. Ki ɗauki doguwar rigarki mai launi ɗaya, baƙa ko ruwan toka ko shuɗi mai duhu, mai maɓalli biyar ko shida a gaba. Ki bar su duka yadda suke, ki canza ɗaya tak, na biyu daga sama, inda idon mai magana da ke ke sauka. Ki sa ɗan makulli, ko fuskar tsohon agogon hannu da ya mutu, mai gyaran agogo zai ba ki a banza ko a kuɗi kaɗan. Wata kuma ta fi son jerin ya riƙa sauyawa a hankali, na sama cikakken wata, na ƙasa da shi ya ɗan zaizaye, har na ƙarshe ya zama jinjirin wata. Abu biyu za ki kiyaye. Nauyi, domin ƙarfe yana jan yadi mai laushi har gaban riga ya saki baki, sai tela ya manna gam ta ciki, ya kuma ɗaure shi da ƙaramin maɓalli ta baya. Sai wanki: duk abin da ruwa zai sa ya yi tsatsa, a sa shi da fil yadda za a cire, kada ya bar miki jan tabo a farar shadda.

Daga nan sai rufa-ido, irin na suwaitar 1927, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai abaya, domin abaya fili ce shimfiɗaɗɗe mai jiran alli. Bari in faɗa miki yadda na yi wa wata ma'aikaciya kamarki. Abayarta shuɗiya ce mai duhu, wuyanta zagayayye, ba kwala. Na yanki kwalar shat ta gaske daga farar takarda, na ɗora a wuyan abayar tana jikin gunkin gwaji, na ɗan lanƙwasa kunne ɗaya sama kamar an yi saurin fita ba a gyara ba. Na kashe fitilar shago, na haska tocilan ɗin waya daga sama ta hagu, na bi gefen takardar da alli, na kuma bi inuwar da ta faɗa kan yadin. Inuwar ce kan gaba. Mai surfani in kika ce ya yi miki kwala, fari zalla zai cika, ta fito kamar tambarin makaranta. Zare uku na ba shi: fari na jikin kwalar, ruwan toka mai haske na inda ta karye, da shuɗin da ya fi na abayar duhu na inuwa, siriri, ta ƙasa da dama kawai. Haske daga gefe ɗaya yake zuwa, in inuwa ta fito hagu da dama ƙaryar ta tonu. A ƙasan kwalar muka zana maɓalli biyu da zare, na uku muka ɗinka na gaske, dabarar mayafin Elsa ke nan. Kwana biyu aikin ya ci, yawancinsu a warwarewa da sakewa.

Da wannan hanyar za ki iya yin aljihun da babu shi, da ɗamara, da zip ɗin da ya zuge rabi alhali yadin a rufe yake, ko tef ɗin awo da ya zagaye bakin mayafi da lambobinsa. Martin Margiela na Beljiyam ya je da abin nesa a 1996: ya ɗauki hoton suwaita da rigunan ƙyalƙyali, ya buga hotunan a kan yadi marar nauyi, mace na sanye da hoton riga a kan riga. Yau masu buga rigunan kamfe da na bikin yaye ɗalibai za su iya yi miki wannan. Ki dai tambaye su irin bugun. Wanda ake mannawa da zafi kamar leda yana hana iska shiga, yana kuma tsattsagewa bayan 'yan wanki. Wanda tawadarsa ke shiga cikin zare ya fi daɗewa, sai dai ba ya kama auduga, farin yadin roba yake so, shi kuwa kin san halinsa a watan Afrilu. Don haka na fi tura mutane wajen mai surfani.

Akwai kuma wanda kike yi don kanki, wato shafi. Baƙin jaket ko buɗaɗɗiyar abaya, cikinta sararin sama ne shuɗi da farin gajimare irin na zanen Magritte. Ba mai gani sai iska ta kaɗa ko kin miƙa hannu ɗaukar fayil. Ga mai aiki a wurin da ake sa ido kan shiga, babu kamar wannan.

Jaka da takalmi ba zan daɗe a kansu ba. Takalman da kika gani masu ƙwai ko sabulu ko kwalbar jan farce a dunduniya, na gidan Loewe ne lokacin Jonathan Anderson, an nuna su a ƙarshen 2021, kuma don shimfiɗaɗɗen daɓe aka yi su. Titinmu zai karya ƙwan a rana ɗaya. Jabunsu da ake shigowa da su kuwa ɓawo suke yi kafin wata ya zagayo. In jaka kike so, ki zana abin da ke ranki ki kai wa badukku, ya yi miki da jar fata ko baƙa: jaka mai siffar butar shayi, ko ambulan da kan sarkinsa, ko littafi. Hannun dukawanmu ya isa, zanen ne ba a kai musu.

Yanzu ga inda na taɓa faɗawa rami. Dalí yana da wani fil na ado da ya tsara a 1949, ido ne guda, ƙwayarsa agogo, da hawayen lu'ulu'u. Ya shiga raina, na zauna na fitar da irinsa da duwatsu a kusurwar baƙin mayafi, aikin sati guda, na yafa na tafi suna ina jin kaina. Ban gama gaisawa ba gwaggona ta ja ni bayan ƙyaure, ta kama kusurwar mayafin da yatsa biyu kamar ta ɗauki mataccen ɓera, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan idon na Dujal ne ko na 'yan ƙungiya?" Na fara yi mata bayanin mai zanen Sifaniya, ta ce in ajiye Sifaniya in juya mayafin. Haka na wuni da shi a juye, da dare na bi duwatsun da reza. Gwaggo ba ta yi kuskure ba. Kowace alama da yadda ake karanta ta a garin da aka sa ta. Ido guda, ƙoƙon kai, ƙasusuwa, maciji, a wurinmu ba mafarki suke tunawa mutane ba, asiri suke tunawa. Rigar ƙwarangwal ta 1938 gwaninta ce ta ɗinki, ina koyar da yadda aka cusa audugarta, amma ba zan ɗinka wa kowa ita a nan ba. Haka sa riga baibai, da barin ɗinki a waje da wasu gidajen Turai da Japan ke yi: mu a sallar roƙon ruwa muka san ana juya riga, in ba nan ba kuwa sai a fara yi miki addu'ar samun lafiya.

Sai batun hoton mai rai. Mutane da yawa ba sa salla da tufa mai fuska ko dabba, ke kuma azahar da la'asar a ofis suke samunki. Hukuncin na malamai ne, ni abin da zan ce a matsayina na tela shi ne ba ki rasa komai ba in kika kauce musu gaba ɗaya. Makulli, agogon da ya narke yana zuba daga bakin aljihu irin na zanen Dalí na 1931, tsani, taga, almakashi, cokali, gajimare, ɗigon ruwan da ya tsaya cak a kafaɗa, duk marasa rai ne, kuma sun fi ido da leɓe daɗewa ba a gaji da su ba. In kuma lallai sai kwaɗon nan, ki bar shi a jaka, ita ajiye ta ake yi.

Atamfa kuma ki bi ta a hankali. Ita da bakinta take zuwa. Kamfanin Vlisco na garin Helmond a Holan, wanda ya fara aiki tun 1846, da sauran masu buga ta, sun daɗe suna zuba mana fankar tebur, da tafin hannu da yatsu, da tsuntsu na fita daga keji. In aka bi ma'anar Breton, mace sanye da fanka ashirin ai mafarki ce tsagwaronsa, amma ba mai waiwayenta a Kantin Kwari, domin ido ya saba. Haka babbar riga mai aska takwas: mutum ya rataya wuƙaƙe takwas a ƙirji ya tafi masallacin Juma'a, kowa na cewa ya yi kyau. Sabo yana kashe mamaki, shi ya sa ƙara abin mamaki a kan atamfa kamar yin raɗa ne a gidan biki. Abin da ke aiki shi ne ki raba abu ɗaya da 'yan uwansa. Ki yanko fanka guda daga ragowar atamfa, ki ɗinka ta ita kaɗai a gefen baƙar doguwar riga, sannan a ja mata wayar lantarki da baƙin zare mai sheƙi, ta lauya ta gangara ta shige aljihunki. Fankar da ba a ganinta cikin ashirin, ga ta ita kaɗai tana jiran a kawo wuta.

In maigidan ko yayanki ya leƙo yana so, nasu ya fi sauƙi: farin kaftani mai guga, a bakin aljihun ƙirji a fitar da kan biro da zare, da 'yar inuwarsa. Zai sha roƙon aron biro a banki.

Ƙa'idata a shago ita ce abu ɗaya a shiga ɗaya. In maɓalli ne yau, jaka ta yi shiru, ɗankunne ya zama na kullum, kwalliyar fuska ma kada ta yi gasa da shi. Wadda ta haɗa hula da jaka da takalmi da sarƙa kowanne na ihu ta tashi daga suriyalizim ta koma tashe, saura gemun auduga. Kafin ki fita ki tsaya taku uku daga madubi. Daga nan ya kamata ki ga mace mai shigar kamala kawai. Ki matso taku biyu, a nan abin zai bayyana, domin tazarar da ke tsakaninki da mai gaishe ki ke nan. In tun daga bakin ƙofa ana hango shi, ya yi girma, a rage.

Wajen tela kuma kada ki ce masa suriyalizim, zai ce to Hajiya, ya yi miki abin da ya ga dama. Ki je da zane a takarda daidai girman da kike so, ki maƙala shi da fil a inda zai zauna, ki zaɓi zaren da hannunki, ki ce a gwada a ƙyalle tukuna ki gani. Ki fara da tsohuwar rigar da ba za ki yi kuka ba in ta lalace. Ranar da za ki sa ta, ki zaɓi ranar aiki da ba taro, kuma kome ya faru kada ki nuna wa kowa, kada ki yi bayani. Mai abayar nan sau uku ta sa ta ba wanda ya tanka, har ta kira ni tana cewa kuɗinta sun tafi a banza. A na huɗu suna tsaye a layin sa hannu da safe, wata babbar ma'aikaciya da ke gabanta ta juyo, ta ce, "Tsaya, ƙanwata, kwalarki ta lanƙwashe," ta miƙo hannu za ta gyara mata. Sau biyu yatsunta suna zamewa a kan zaren kafin ta cire tabarau ta duba.